Ranar Da Na Cire Furanni Daga Bidiyon Mbaraka

Kafin ku sake cika min waya da "Saumu kin fiye ruwan ido", ku bari in kai ƙarshe tukuna. Na ga duk abin da kuka rubuto wancan satin. Wata har cewa ta yi in ba na son Mbaraka in tura mata lambarsa. 'Yar uwa, karanta wannan har ƙasa. In kin gama kina nan a kan bakanki, wallahi ni da kaina zan raka ki ƙofar gidansa.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: sunana Saumu, shekarata ashirin da bakwai, gidanmu yana Ngamiani a cikin Tanga. Aikina tace bidiyon biki a shagon Dada Zuwena. Mu uku ne a gida, ni da Mama da Baba. Shekara uku ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta tafi, magana ma ta bi su. Abin da ya rage masa hannun hagu da idanu. A da kuwa, duk layinmu babu wanda ya kai Babana Mzee Kombo iya ɗinkin hula. Ta ƙarshe da ya ɗinka kafin ya faɗi, fara mai zaren ruwan zuma, ita ce a kansa kullum. Ko wanka za a yi masa sai an lallashe shi kafin ya bari a cire.

Sai kuma Mbaraka. Mai shagon kayan gyaran mota ne, da gida a Raskazone wajen bakin teku, da agogo mai nauyi, da turaren da yake riga shi shiga ɗaki. Wata biyu da suka wuce ɗan aikensu ya kawo wasiƙar neman aurena naɗe a farin hankici, kamar yadda ake yi. Tun ranar ban sake shan ruwa ya wuce min salin-alin ba. Shangazi Mwajabu, ƙanwar Baba, ta mayar da gidanmu wajen aikinta. Takwas na safe tana nan, da jakarta mai sarƙa da janbakinta.

"Ke wai me kike jira ne? Mala'ika?"

"Shangazi, ina dai tunani."

"Tunani! Sa'o'inki na goyon na biyu, ke kina goyon kwamfuta. Ki gama tace bikin 'ya'yan mutane kaf, naki kuma sai a lahira."

Gaskiya ba ni da wani laifinsa da zan kama in nuna. Murmushinsa ne kawai bai kwanta min ba, yana kunnuwa yana mutuwa kamar fitilar firij. Amma wa zai kai wannan gaban manya a matsayin hujja? Don haka sharaɗi ɗaya na kafa: duk inda zan zauna, da Baba zan zauna. Bayan Mama ya gama lalacewa wajen ɗaga shi da kwantar da shi, ba zan tafi in bar ta da shi ita kaɗai ba. Mbaraka bai ko ja numfashi ba. Ya ce akwai ɗaki a ƙasa kusa da falo, mai banɗaki a ciki, mai taga tana kallon teku. Ya ce, "Mahaifinki mahaifina ne."

Sati biyu da suka wuce, ina wajen aiki, sai ga bidiyo ya shigo wayata. Minti uku ne. Mbaraka ne a ɗakin Baba, cikin farar doguwar riga, ya durƙusa yana sumbatar hannunsa. Sai furanni su fashe su rufe fuskar waya, su watse, ga shi zaune gefen gado da kwanon kunu. Sai jajayen zukata su yi ta juyi, su wuce, ga shi yana ba Baba kunu a cokali, sai labulen zinariya ya buɗe, ga shi yana gyara masa hula. Sai fararen tantabaru su tashi, ga fuskar Baba kusa, hawaye na gangarowa. A ƙarƙashi an shimfiɗa ƙasida mai sanyi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi kuka. A bayan shago na tsaya, kusa da janareta, na share ido da gefen mayafi. Kafin la'asar Shangazi ta tura bidiyon duk wani zauren dangi da take ciki, har da na 'yan uwanmu na Pemba da ba mu gaisa ba tun sunan wani. Da na koma gida na ce wa Mama in sun zo karɓar amsa a ce musu na amince. Aka sa ranar Asabar, wato shekaranjiya.

Abu ɗaya ne ya dame ni a kwanakin nan, shi ne rigimar da Baba ya tsiro da ita. Ya daina yarda da hularsa. In na ɗora masa, sai ya sa hannun hagu ya ture ta ƙasa. In ɗauka in karkaɗe in mayar, ya sake turewa. Ranar Talata ina sauri zan fita har na ɗaga masa murya.

"Haba Baba! Sai ka ce ƙaramin yaro? Ni fa na makara!"

Ya zuba min ido kawai. Na danna masa hular a ka na fice. Ku riƙe wannan a ranku.

Ranar Alhamis da hantsi saƙon Mbaraka ya shigo.

"Sarauniyata, ran Asabar ina so a kunna bidiyona da Baba a babbar talabijin, Mamana da yayyena su gani."

"To."

"To kawai? Zan kawo miki kwamfutata ki ƙara masa kyau. Ke ce gwana. Ki ƙara furanni, irin masu ƙyalli."

Na daɗe ina kallon saƙon. Duk mai wannan sana'a ya san yawan kwalliya a mahaɗa aikin ɗan koyo ne. Mahaɗa ita ce inda guntun bidiyo ɗaya ya ƙare wani ya fara. Gwani yanka yake yi tsaf, ido ya wuce bai ji komai ba. Ɗan koyo kuwa sai ya liƙa fure, ya liƙa zuciya, ya liƙa labule mai buɗewa, har mai kallo ya fara jin jiri. Shekara huɗu ina cire wa mutane wannan tarkacen. A ce bidiyon mahaifina ne za a nuna gaban surukai da tantabaru suna tashi? Na rubuta masa, "Kawo, zan gyara."

Da azahar ya iso, ya faka motar a inda ta toshe ƙofar mai sayar da rake. Riga ruwan toka mai gajeren hannu, baƙin gilashi a goshi, makulli na juyawa a yatsa. Ya ajiye kwamfutar a teburina, ya kunna murmushin nan.

"Dada Zuwena, kin kusa rasa ma'aikaciya fa."

Dada Zuwena ba ta ɗago daga kyamarar da take gogewa ba. "In ka ɗauke ta ka dawo min da ita takwas na safe, babu faɗa."

Ya yi dariya shi kaɗai. Ya ce min da hannunsa ya haɗa bidiyon, kwana biyu yana fama, komai yana nan a buɗe cikin manhajar. Ya fita, turarensa ya zauna ya ƙi bin sa.

"Wannan turaren ko gawa ya isa ya tayar," in ji Dada Zuwena, ta ƙara wa fanka gudu.

Na buɗe aikin. Guntaye bakwai ne jere a layi, a kowace mahaɗa ya ɗora kwalliya, kuma ya ja ta har daƙiƙa uku-uku. Ko a bikin ƙauye ban taɓa ganin mai tsawon haka ba. To akwai abin da ɗan koyo bai sani ba. Kwalliyar nan wuri take ci: tana haɗiye wutsiyar guntun farko da kan na biyu, ta lulluɓe su. In ka cire ta, abin da ta haɗiye sai ya dawo fili. Manhaja ba ta zubar da komai, ɓoyewa kawai take yi.

Na danna furannin farko, na goge. Na mayar baya kaɗan na kunna don in ga yadda yankan ya zauna.

Ga Mbaraka ya sumbaci hannun Baba. A da, nan furanni suke fashewa. Yanzu babu su. Sai na ga ya kawar da kai, ya yamutsa fuska, ya goge leɓensa da kafaɗar riga.

Na ce a raina zufa ce. Ɗakin Baba akwai zafi, kowa ya sani. Kun ga yadda mace take yi in ta riga ta ce "na amince"? Ita ce za ta zama lauyansa tun kafin a shigar da ƙara.

Na danna zukatan nan masu juyi, na goge. Wannan karon kan guntu na gaba ne ya fito. Kafin cokali ya shiga bakin Baba, ga yatsun Mbaraka biyu a kumatunsa, sun matse, sun buɗe bakin da ƙarfi. Sannan hannun ya janye da sauri, murmushi ya kunnu, cokali ya shiga.

Ban san na yi wani sauti ba sai da na ji Dada Zuwena a bayana.

"Ke, lafiya? Mayar baya in gani."

Na mayar. Ta gani. Ta ajiye kyamarar a hankali, ta jawo kujera.

"Ci gaba," ta ce.

Mahaɗa ta uku, wani labulen zinariya ne. Na goge. Kunu ya ɗiga a bayan hannun Mbaraka, ya dubi hannun, ya dubi gefe da gefe, ya miƙa ɗaya hannun wajen kan Baba. Nan guntun ya ƙare. Na kama bakin guntun da linzamin kwamfuta na ja dama, abin da ya yanke ya yi ta warwarowa.

Ya cire hular Baba. Ya goge bayan hannunsa da ita. Ya bi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, har tsakankaninsu, kamar mai goge hannu da tsumman madafi bayan ya gyara kifi. Ya juya ta, ya kifa wa Baba a ka da kunun a ciki. Ya kalli kyamara, ya kunna murmushi, ya fara gyara mata zama da tausayi. Daga nan ne guntun da duniya ta gani ya fara.

Dada Zuwena ta miƙa hannu ta kashe layin ƙasidar, sautin ɗakin na ainihi ya fito.

"Yana ɗauka?" Muryar Mbaraka ce.

"Yana ɗauka, ɗana." Wannan muryar ko cikin barci na san ta. Shangazi Mwajabu ce riƙe da wayar.

"Gaskiya Shangazi tsohon nan yana buƙatar wanka. Numfashina har ɗaukewa yake."

Ta yi 'yar dariya. "Yi haƙuri, saura kaɗan. Matso kusa da fuskarsa, ga hawaye nan sun fara. Yauwa! Wannan shi zai gama da ita."

"Ai dole."

"To ɗakin nan na ƙasa da ka yi mata alkawari fa?"

"Wane ɗaki? Inda nake saukar baƙi? A dai ɗaura tukuna. Akwai ɗakin mai gadi a baya, iska ma ta fi shiga can."

Suka yi dariya tare, a kan mutumin da yake jin kowace kalma, ba shi da bakin ramawa. Kyamara ta matso fuskarsa. Ga hawayen nan da na tsaya bayan shago ina taya shi, ina cewa na farin ciki ne. Kuma ba Mbaraka yake kallo ba. Ƙofa yake kallo, inda nake shigowa in na dawo daga aiki.

Na tashi da gudu na shiga banɗaki. Wainar shinkafar da na ci da safe da shayin, duk sai da suka dawo. Na wanke baki sau uku, amma turaren mutumin nan yana nan a hancina. Ƙyamarsa nake ji, ƙyamar Shangazi nake ji, amma wadda ta fi ci min rai ta kaina ce. Sati biyu mahaifina yana gaya min da hannu ɗayan da ya rage masa, ni kuma ina ɗauko hular ina danna masa, har da tsawa.

Da na fito Dada Zuwena ta riga ta goge sauran kwalliyar uku. Ta miƙo min filashi, ɗan abin nan na ajiye bidiyo.

"Na sa miki biyu. Ɗaya yadda ya kawo, da furanninsa. Ɗaya yadda Allah ya gani. Ni ba zan ce miki komai ba, aurenki ne. Amma ki ɗauke min kwamfutar nan daga shago kafin in zauna a kanta."

Waya ta yi ƙara. "Sarauniya, ya aiki? Furannin sun yi?"

Na rubuta, "Ana kai."

Na tari bajaji, keken hayar nan mai ƙafa uku, na koma gida tun kafin la'asar. Na tarar da Mama a tsakar gida tana kankare kwakwa, ɗaure da tsohuwar kangarta, zanen nan mai ruwan ganye, ta naɗa wata a ƙugu ta tamke saboda bayan. Na durƙusa gabanta, na riƙe mata waya.

"Mama, kalli wannan."

Ta kalla tun daga farko har ƙarshe. Ina jira ta yi salati, ta dafe ƙirji, ta ce a kira mata Mwajabu yanzu-yanzu. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗauki ɓarin kwakwarta ta ci gaba da kankara.

"Mayar da furannin yadda suke," ta ce.

"Mama?"

"Ina madafi ranar. Bangon nan ba ya riƙe magana. Wa kike tsammani ya wanke hular? Sau uku na wanke ta."

"Kin sani? Kin sani kika bar ni na ce na amince?"

Sai a lokacin ta ɗago. Idonta a bushe yake ƙaf.

"Saumu, jiya da zan ɗaga shi daga kan tabarma sai da muka faɗi tare. Kina wajen aiki. Mun fi rabin awa a ƙasa, ni da shi, muna kallon rufi, har Allah ya kawo maƙwabciya. Ɗakin mai gadi ma ɗaki ne. Gidan akwai ƙarti biyu masu aiki da za su ɗaga shi su kwantar. Ke kuma ki samu inda za ki zauna kafin ni ma in kwanta ki rasa wanda za ki fara ɗagawa."

"Ya goge hannu da hular Baba, Mama."

"Na ce miki na wanke!"

Tsawar ta sa kajin maƙwabta suka watse. Ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da kankarar ɓawon da babu sauran komai a cikinsa. Na so in ji haushinta kamar yadda nake jin na sauran, na kasa. Matar nan shekara uku ba ta yi barcin awa huɗu a jere ba.

Na shiga ɗakin Baba. Yana jingine da matashi, hular tana ƙasa kusa da ƙafar gado inda ya ture ta. Na zauna a gefensa.

"Baba, na gani," na ce. "Ka yafe min."

Ya daɗe yana kallona. Sannan hannun hagun nan ya taso a hankali ya sauka a kaina, ya zauna. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba.

Juma'a ta wuce min kamar a mafarki. Na aika wa Mbaraka kwamfutarsa da mai bajaji. Shangazi ta zo da mai lalle, aka zana min hannu har gwiwa ina zaune kamar gunki. Tana ta zuba: wace kanga za a shimfiɗa, wa zai zauna kusa da uwar miji, kar a sa barkono da yawa a shinkafar pilau don surukar tana da gyambon ciki. Duk sanda ta taɓa ni sai tsigar jikina ta tashi. Mama kuwa ta ƙi yarda mu haɗa ido. Filashin yana cikin rigata, ina jin sa a fata duk inda na juya. Sau goma na yanke shawara, sau goma na warware. In na tona, wa zai ɗaga Baba ran Litinin in na tafi aiki? In na rufe, da wane ido zan kalle shi a ɗakin mai gadi?

Asabar da ƙarfe huɗu falonmu ya cika. An aro babbar talabijin daga gidan maƙwabta, an ɗora a kan teburin ɗinkin Baba. Turaren wuta ya turnuƙe, ga alewar halwa a faranti, ga gahawa a ƙananan kofuna. Uwar Mbaraka ta hakimce a kujerar tsakiya cikin leshi ruwan hoda, awarwaro har gwiwar hannu, yayyensa mata biyu a gefenta suna ƙare wa labulenmu kallo. Ɗan aikensu da kawunnaina suna baranda. Ni an sa min doguwar riga shuɗiya mai duwatsu a wuya, an yafa min mayafi, an ce in sunkuyar da kai. Aka turo Baba a kekensa, aka ajiye shi daidai gaban talabijin, cikin sabuwar farar riga.

Saƙo ya shigo. "Ina waje cikin mota. Na san ba a so ango ya shigo, amma in an kunna zan leƙo in ga fuskar Mamana. Kin sa masu ƙyallin?"

Na kife wayar.

Shangazi ta miƙe, sarƙar jakarta na ƙara. "Kafin a ba maza amsa, akwai abin da nake so uwarmu ta gani, ta san irin ɗan da ta haifa. Af! Wa ya bar yayana kai babu hula gaban baƙi?"

Ta shige ɗaki ta ɗauko ta, ta kifa masa, har da ɗan bubbuga saman. "Yauwa, ango na biyu!"

Matan suka yi dariya. Baba ya ɗaga hannun hagu, ya ture hular. Ta gangara a kan tabarma ta tsaya a ƙafar uwar Mbaraka.

"Ayya, ciwo ne," in ji Shangazi. "Haka yake yi yanzu, hankalin ya fara taɓuwa."

Wannan kalmar ce ta gama min komai. Na tashi, na ɗauki hular, na riƙe ta a hannu. Na je na soka filashin a bayan talabijin. Sunaye biyu suka fito: "Mai fure" da "Babu fure". Na ɗauki rimot, na sauko kan na biyun na danna.

Babu ƙasida. Sai ƙarar fankar ɗakin Baba da kukan hankaka daga waje. Ga Mbaraka ya durƙusa, ya sumbaci hannu.

"Allah sarki ɗana," in ji uwarsa, ta dafe ƙirji.

Ya kawar da kai, ya goge baki da kafaɗa. Hannunta ya tsaya a ƙirjin. Ɗaya daga cikin yayyen ta ajiye kofinta.

"Ke Saumu, ina waƙar?" Muryar Shangazi ta sirance. "Ba wannan ba ne! Ya lalace, kashe ki sa ɗayan!"

Yatsu biyu suka matse kumatun Baba a fuskar talabijin, manya-manya, kowa na gani. Na ji an kama min gefen riga, na duba, Baba ne. Ya damƙe da iya ƙarfin da ya rage masa.

Sai Mama ta miƙe.

Da ƙyar ta miƙe, hannu ɗaya a ƙugu. Ta tako tsakiyar falo, ta tsallake farantin halwa, ta miƙo min hannu. "Ba ni."

"Mama, don Allah."

"Na ce ba ni."

Na ba ta rimot ɗin. Shangazi ta sauke ajiyar zuciya har ana ji. "Yauwa, matar yaya, kashe mana shirmen nan. Yaran yanzu da wasa da na'ura!"

Mama ba ta ko kalle ta ba. Baba take kallo, shi ma ita yake kallo. A talabijin Mbaraka ya cire hular, ya fara bin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Na ga babban yatsan Mama ya sauka a kan maɓalli. Na runtse ido.

Sautin ne ya fara hawa. Ta danna, ta danna, ta ci gaba da dannawa har ya kai ƙarshe, har gilashin kabad ya fara zuza, har mazan baranda suka juyo.

Daidai nan labulen ƙofa ya ɗaga. Turaren ya riga shi shigowa. Ga Mbaraka cikin farar riga, rungume da dami guda na jajayen furanni, murmushin nan a kunne har kunne.

"Assalamu alaikum!"

Babu wanda ya amsa masa a falon nan sai muryarsa, daga talabijin, da ƙarfin da har layi na gaba sun ji:

"Gaskiya Shangazi tsohon nan yana buƙatar wanka."